Ɗan ɗakinku ya san kai Kirista ne kuwa?

Salama gare ku ƙannena da ke jami'a, poli da kwalejin ilimi. Kafin ku ce yaya ya fara wa'azinsa, bari in fara tona asirin kaina.

Shekarata ta farko a makaranta mu huɗu ne a ɗaki. Sunana irin wanda Musulmi da Kirista duk suna sawa ne, Hausa kuma ita na tashi da ita, to sai na yi gum na bar kowa da zatonsa. Littafi Mai Tsarki nawa yana ƙarƙashin katifa, ranar Lahadi in cusa shi a baƙar leda kamar na sayo tumatir in ce zan ɗan shiga gari. Amma ɗaya daga cikinmu kullum da asuba, ko a sanyin hunturu, zai ɗauki butarsa ya yi alwala ya shimfiɗa dadduma tsakanin gadaje, bai taɓa jin nauyin kowa ba. Wata rana yana neman cajarsa ya ɗaga katifata ya ga Littafin, ya ce au, dama kai Kirista ne? Wata huɗu muna shan garin kwaki a kwano ɗaya ban sani ba! Ba faɗa ya yi ba fa, mamaki kawai, amma wannan "dama" ɗin ta fi min mari zafi.

Ku buɗe Daniyel sura 1. Ɗalibi ne shi ma, an kwashe su zuwa Babila karatun shekara 3, an koya musu yaren Kaldiyawa, har suna aka canza masa zuwa Belteshazzar, duk ya haƙura. Amma da aka zo kan abincin sarki sai ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa ba, kuma ku lura bai yi ihu ba bai zagi kowa ba, roƙo ya yi cikin ladabi a gwada su kwana 10 da ganye da ruwa. Kowa a makarantar nan ya san na wane ne shi.

Na san wani zai ce yaya kai ma ka san arewa. Na sani. Abin da ya faru a Sokoto a watan Mayu 2022, da aka kashe wata ɗaliba Kirista bisa zargin ɓatanci ga addini, babu wanda ya manta, ni ma ba zan ce ku je ku sa lasifika a bakin masallaci ba, ko ku shiga guruf na aji kuna taɓa addinin mutane, wannan ba bishara ba ce. Yesu da kansa a Matiyu 10:16 ya ce mu yi wayo kamar maciji, mu zama marasa ɓarna kamar kurciya. Sai dai da yawanmu mun riƙe macijin mun saki sauran, muna kiran tsoro hikima. 1 Bitrus 3:15 cewa ya yi mu zauna a shirye mu ba da amsa ga duk wanda ya tambayi dalilin begen da ke cikinmu, da tawali'u da ladabi. To wa zai tambaye ka in a zauren jarrabawa kai ne kan gaba wajen satar amsa, ranar Lahadi kuma kai ne mai jan waƙa a zumunta?

Tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, FCS, wato ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista, kuma tun 1957 take tara ɗalibai a makarantun arewa, yau ga shi a wayarka kyauta amma kunyar buɗe shi kake a gaban mutane. Fara da ƙarami mana. Yi addu'a kafin ka ci abinci ko da idon kowa na kanka, in an ce ina za ka ce sujada zan je, wanda kuɗinsa ya ƙare a ƙarshen semesta ka raba indomie ɗinka da shi, mara lafiya ka raka shi asibiti ka tambaye shi ko ya yarda ka yi masa addu'a.

Shi wannan ɗan ɗakin namu, daga ranar nan duk Lahadi in barci ya ɗauke ni shi ke bubbuga gadona yana cewa malam tashi, za ka makara coci.