Lambar jarumtaka a teburin gwanjo

A shekarar 1952 wani tsohon sojan ruwan Birtaniya ɗan birnin Belfast, mai suna James Magennis, ya sayar da lambarsa ta Victoria Cross, wato lambar jarumtaka mafi girma ta sojojin Birtaniya, a kan fam 75 saboda talauci ya yi masa katutu. Ya sami lambar ne bayan da ya fito daga wani ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku a ruwan Singafo a watan Yulin 1945, ya yi nutso ya liƙa nakiyoyi a gindin jirgin yaƙin Japan mai suna Takao. An mayar masa da ita daga baya, amma a 1986, shekarar da ya mutu, sai ga ta a gwanjon Landan, inda attajiri Michael Ashcroft ya saye ta a kan fam 29,000. Da ita Ashcroft ya buɗe hannu, har ya tara sama da 200 daga cikin ƙasa da 1,400 da aka taɓa bayarwa tun da Sarauniya Biktoriya ta ƙirƙiro lambar a 1856.

Ba zan ce tara irin waɗannan lambobi laifi ba ne. Magada sukan yi sakaci, gidaje sukan watse, kuma sau da yawa mai saye ne ke bin diddigin takardu da hotuna har ya fito da labarin sojan da jikokinsa ma suka manta. Ashcroft kansa ya baje tarinsa ga jama'a a gidan tarihin yaƙi na Landan daga 2010 zuwa 2025. Sai dai wanda ya duba tazarar da ke tsakanin fam 75 da fam 29,000 zai ga cewa kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tagullar da aka ƙera lambar da ita ba ta da wata daraja. Abin da ake saye shi ne ranar da mutum ya sayar da ransa, wadda aka zana kwananta a bayan lambar. Haka William Speakman, wanda ya sami tasa a yaƙin Koriya a 1951, ya rabu da ita don ya gyara rufin gidansa. Amurka ta toshe wannan ƙofa, domin dokarta ta haramta cinikin Medal of Honor, lambar jarumtaka mafi girma ta sojojinta. Ni kam na fi karkata ga matsakaicin mataki: a bar magada su sayar idan sun matsu, amma a wajabta wa mai saye ya bar lambar tare da takardunta, a inda jama'a za su iya ganinta.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Dubban 'yan Arewa sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma a cikinsu akwai irin su Samanja Chari Maigumeri, wanda barikin soja na Lokoja ke ɗauke da sunansa. Yawancin 'yan mazan jiyan nan sun dawo da tauraruwar Bama, wato lambar da Birtaniya ta ba waɗanda suka yi wannan fage na yaƙin duniya na biyu, wadda yau takan kwana a gindin adaka cikin tsohon gwangwani, zarenta ya koɗe, tagullarta ta yi baƙi, tare da takardar sallama da gara ta ci gefenta. Abin lura shi ne Birtaniya ba ta zana sunan kowa a jikin taurarin yaƙin duniya na biyu ba. Saboda haka ranar da jika ya miƙa tauraruwar ga dillalin kayan gargajiya, ya bar takardar a gida ko ya yar da ita, babu wanda zai sake sanin ƙirjin da aka rataya wa ita, ko da masanin tarihi ne.

Wannan aiki ne da cibiyoyi irin su Arewa House ta Kaduna da Gidan Makama na Kano za su iya ɗauka ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba: su kira iyalai su zo da lambobin da takardun sallama, a ɗauki hotonsu tare, a rubuta sunan soja da lambar aikinsa da garinsu da bataliyarsa, sannan a mayar wa iyalin kayansu su koma gida da su.