Ɗanliti da maganin jelifish

Duk wanda ya ga bidiyon abin da ya same ni a bakin teku, wanda Ɗanliti ya watsa a WhatsApp, rabin labari ya gani, kuma rabin da Ɗanliti ya ga dama ya ɗauka.

Bakin teku muka je, ni da shi da Yaya Habu. Tun a mota nake zancen kifin shak, har Yaya Habu ya gaji ya ce a duniya kaf, mutanen da shak ke kashewa a yawancin shekaru ba su kai 10 ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 300,000 ne ruwa ke ci duk shekara. Wai shi nan hankali ya kwantar min.

Muna isa muka tarar jama'a sun cunkushe tsakanin wasu tutoci biyu masu ja da rawaya, alamar wurin da masu ceto ke lura da masu iyo. Can gefe kuwa ga ruwa ya kwanta luf, ya ɗan yi duhu, ba kumfa ba hayaniya. Ɗanliti ya nuna da baki ya ce, "Ga wurin manya can." Ku lura, shi bai shiga ba. Wayoyi ya ce zai riƙe mana.

Ashe wurin manyan nan shi ne kwararon da ruwan da igiyoyi suka jibge a gaɓa yake bi ya koma teku, ta wata ɓaraka a tudun yashin ƙasa, shi ya sa igiya ba ta fashewa a wajen. Ina iyo ina fuskantar gaɓa, gaɓa tana ƙara nisa. Irin wannan ruwa yakan yi gudun da ya kai mita 2.5 a daƙiƙa ɗaya, ko zakaran gasar Olamfik ba ya ja da shi, balle ni. Wani yaro da bai wuce shekara 10 ba shi ma ruwan ya kwaso shi, sai na ga ya kwanta rigingine ya huta abinsa, sannan ya yi iyo ta gefe, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga kwararon, igiya ta mai da shi tudu. Har hannu ya ɗago min.

Mai ceto ne ya zo da allonsa ya ce, "Malam, bar kokawa da ruwa, riƙe nan." Da a nan aka tsaya da na rufa wa kaina asiri. Mun kusa fita, ruwa iya ƙugu, sai na ji kamar an tsula min bulalar wuta tun daga bayan cinya har mazaunai. Na kwarma ihu, "Shak! Shak!" Ruwa ya watse. Wata baiwar Allah ta suri yara biyu, ɗaya ma daga baya aka gane ba nata ba ne. Mai ceto ya leƙa bayana ya ce jelifish ne, wata halittar teku mai taushin jiki da dogayen zaruruwa masu harbi, ya nuna wata tuta shunayya da ke kaɗawa kusa da rumfarsu, wai tun safe suka kafa ta don a san akwai halittu masu harbi a ruwan.

Aka kwantar da ni rub da ciki a kan yashi, aka yi min da'ira. Mai ceto ya ruga ɗauko kaya. Cikin wannan ɗan tsakanin ne Ɗanliti, wanda ko sunan abin bai iya faɗa daidai ba, ya gyara murya ya ce maganinsa fitsari.

Na ce, "Ɗanliti, kai da Allah."

Ya ce, "Ɗan'uwa, rai ake ceto, ba a kunya."

Da shi kaɗai ne da sauƙi. Sai ga wani mutum mai faffaɗar hula da baƙin tabarau ya keto taro, wandonsa a bushe ƙarau, alamar ko yatsa bai tsoma a ruwa ba. Ya ce gaskiyar wannan bawan Allah ne, amma na ƙaramin yaro ya fi kaifi. Nan aka shiga muhawara a kaina, ina jin kowa, fuskata cikin yashi. Wani ya ce na babba ya fi yawa. Mai hula ya ce ba yawa ake nema ba. Ya ƙwala wa ɗansa kira, yaro ya ce ba ya ji, ya miƙa masa gorar ruwa ya ce shanye. Yaya Habu, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, abin da ya iya cewa shi ne, "To a dai yi a hankali." Wata kuma ta durƙusa da yashi cike da hannu za ta goge min wurin.

Allah ya kawo mai ceto. Ya kore su duka, ya ce zaren da ya manne a fatata cike yake da dubban ƙananan ƙayoyin dafi waɗanda ba su riga sun fashe ba, kuma gogewa da ruwan sha da fitsari duk tayar da su suke yi. Ya kwara ruwan teku, ya sa hantsaki yana tsince zaren ɗaya bayan ɗaya. Mai hula ya ce to ruwan khal fa? Mai ceto ya ce yana aiki a kan wasu nau'o'in jelifish, musamman mai siffar akwati ɗin nan na tekun Ostireliya, amma akwai irin da yake ƙara tunzurawa. Ya tambaye ni ko numfashina na sarƙewa ko ƙirjina na ciwo, don in haka ne sai asibiti. Kafin in buɗe baki Ɗanliti ya ce wanda ya yi wancan ihun numfashinsa lafiya lau.

Sauran magani ruwan zafi ne, kamar digiri 45, minti 20. To ku tuna inda aka harbe ni. Baho aka kawo. Na zauna a ciki, gwiwoyi a sama, ƙato da gemu, jama'a na wucewa suna "sannu Malam." Yaron nan mai iyo ya zo ya tsaya yana kallona, bai ce komai ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Mai hula bai tafi ba. Ya tsaya a kaina yana duba agogo, yana cewa da an bi tasa da tuni na miƙe. Ɗansa kuma ruwan gora ya fara aiki, yana ta tsalle da ƙafa ɗaya, uban ya ce ya riƙe tukuna ko za a buƙata. Ni har yau ban gane me na tare wa mutumin nan ba. Ban san shi ba, bai san ni ba, ga teku guda a gabansa, amma ya zaɓi ya ƙare yininsa a kan bahona. Har bayani yake wa sababbin zuwa, yana nuna ni da tsinken tabarau, yana ƙara gishiri, wai da idonsa ya ga abin ya kai faɗin tabarma.

Don ya kafa hujja sai ya je gaɓa ya samo wani mataccen jelifish da ruwa ya watso, ya ɗago shi da hannu yana nuna wa mutane. Mai ceto ya ɗaga murya daga nesa cewa matacce ma yana harbi, amma ina, aikin gama ya gama. Hular ta faɗi. Ya yarfa hannu, ya dubi ɗansa, yaro ya matso da saurinsa, ya daka masa tsawa.

Sai ga shi ya durƙuso gefen bahona, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Malam, ɗan matsa."

Na matsa. Minti bakwai suka rage min, muka ƙarasa tare, ni a zaune shi da yatsu uku a ciki, kowa na kallon wani gefe. Ɗanliti a lokacin wai ya tafi neman takalmina, wanda kuma ƙafa ɗaya ya dawo da shi. Tawul ɗina ma yana wurinsa, Yaya Habu ka faɗa masa.