Duhun Khartoum da masu cewa "ai ɗauke wuta ne kawai"

Ranar 18 ga Disamban 2025 jirage marasa matuƙa suka faɗa wa tashar lantarki ta Atbara, wuta ta ɗauke a Khartoum da Port Sudan da wasu garuruwan. Ma'aikatan ceto biyu da suka je kashe gobarar ba su koma gida ba. Hukumomin sojan Sudan suka ɗora alhakin a kan dakarun RSF, rundunar da ke yaƙi da sojojin ƙasar, kamar yadda aka saba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda wasu 'yan uwanmu suka karɓi labarin a Facebook: raha. Wai mutanen Sudan barka da shigowa layi, mu ai mun daɗe a ciki, su nemi janareto su huta.

Na san daga ina wannan rahar take fitowa. Wanda ya ga Arewa ta kwashe kwanaki a duhu a watan Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta, yana ganin ya gama sanin duhu. Bai sani ba. Mu idan aka ɗauke wuta, mai shago ya tayar da injinsa, gidan mai na buɗe, ɗan garuwa ya ɗebo ruwa a burtsatse, asibiti ya ci gaba da lallaɓawa. Wahala ce, ana tsaki, ana sha. Khartoum kuwa gari ne da yaƙi ya cinye tun 15 ga Afrilun 2023. An kwashe wayoyin tagulla daga turaku da ƙarƙashin ƙasa, an fasa asibitoci, an ƙone gidajen mai. A irin wannan gari, wutar lantarki ita ce igiya ta ƙarshe da ke riƙe da ruwan sha. Wanda ya tsinke ta ya san abin da ya tsinka.

Ga yadda abin yake tafiya, don masu dariya su ji. Ruwan famfon Khartoum da Omdurman da Bahri daga Kogin Nilu ake jawo shi, a tace, a zuba masa magani, a tura cikin bututu. Kowane mataki da wuta yake aiki. Ranar da injinan suka tsaya, uwar gida za ta buɗe famfo ta ji iska kawai. Yara na kuka, zafin Khartoum kuma ba ya jiran kowa. Sai ta ɗauki jarka ta tare mai amalanken jaki da ya ɗora duro, shi kuwa daga bakin kogi ya cika shi, inda ake wanki, dabbobi na sha, magudanan gari na kwarara. Bayan kwana biyu ƙaramin ɗanta ya fara amai da gudawa.

Ba tatsuniya nake ba. A watan Fabrairun 2025 aka buge tashar wuta ta Um Dabakir a jihar White Nile, ma'aikatar ruwan Kosti ta tsaya, jama'a suka koma kogi. Cikin kusan mako biyu, ƙungiyar likitoci ta Na Gari Na Kowa, wato MSF, ta ce mutum sama da 2,700 aka kwantar, fiye da 90 suka rasu. A tsakiyar watan Mayu aka maimaita a Omdurman: aka buge tashoshin wuta uku, jihar Khartoum ta shiga duhu, matatun ruwa suka tsaya. Kafin ƙarshen watan ma'aikatar lafiyar ƙasar ta sanar da mutuwar mutum 172 cikin mako guda sanadiyyar kwalara, kuma kusan duk waɗanda suka kamu a jihar Khartoum suke. Waɗannan gawarwakin ba a rubuta su cikin waɗanda harin jirgi ya kashe. A takarda cuta ce ta kashe su. Nan ne wayon yake: a jefi taransifoma da dare, a wayi gari a ce babu asarar rai, sai bayan kwana goma a fara haƙa kaburbura, lokacin da 'yan jarida sun juya zuwa wani labarin.

Ban ma taɓo mai wankin ƙoda da aka katse masa zama ba, ko bakwainin da ke cikin kwalba, ko mai ciwon suga da allurarsa ta lalace a firijin da ya zama akwati.

Akwai masu ilimi da ke kawo wata hujjar, wai tashar wuta tana ciyar da barikin soja, don haka halal ce a yaƙi. Barikin soja shi ne wuri na ƙarshe da zai rasa janareto da man gas a Sudan, wannan kowa ya sani, har da masu harbin. Lokacin da ƙawancen Tasis da RSF ke jagoranta ya ɗauki alhakin hare-haren da aka kai Khartoum a watan Satumban 2025, cewa ya yi wuraren soji ya nufa, alhali tashar wuta ta Markhiyat da ke Omdurman na cikin wuraren da aka buga. Janar Burhan, shugaban sojojin Sudan, bai kwana a duhu ba ranar.

A duba lokacin da abin ya tsananta, sai manufar ta fito fili. Sojoji sun ƙwace fadar shugaban ƙasa da filin jirgin saman Khartoum a watan Maris na 2025, mayaƙan Hemedti, shugaban RSF, suka ja da baya zuwa yamma. Inda ƙafarsu ta daina kaiwa, jirgi mara matuƙi yana kaiwa. Madatsar ruwa ta Merowe, mai ƙarfin megawat 1,250, wadda ita ce ƙashin bayan wutar ƙasar, an yi ta jifan tasharta tun watan Janairu. A farkon Mayu aka kai ga Port Sudan, inda gwamnati ta koma da zama a lokacin, aka ƙone rumbunan mai. Saƙon a bayyane yake: garin da na kasa riƙewa, kai ma ba za ka zaunu a ciki ba. Hannunka mai sanda ne ga miliyoyin da suka yi gudun hijira suke tunanin komawa gida. Babbar taransifoma kuwa ba a sayo ta a kasuwa kamar kwan fitila. Mai ne cike da cikinta, idan ta kama da wuta sai ta ƙone ƙurmus, samun madadinta kuma watanni ne. Jirgin da ya ƙone ta bai kai ko kusa da kuɗinta ba.

Kada wani ya ce na wanke sojojin Sudan. Jiragensu sun yi ruwan bama-bamai a kasuwannin Darfur, irin su Kabkabiya da Tora, kuma su ma jiragen Turkiyya da na Iran suke tashi da su. Wannan laifinsu ne, za su amsa. Laifin wani dai bai taɓa zama tsarkin wani ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ramin da ke cikin doka. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta bayar da sammacin kama manyan hafsoshin Rasha biyu a watan Maris na 2024, sannan a watan Yuni ta ƙara da tsohon ministan tsaro Sergei Shoigu da babban hafsan sojoji Valery Gerasimov, duk a kan hare-haren da aka kai wa tashoshin lantarkin Ukraine. To madalla, an yarda ke nan cewa jefa farar hula cikin duhu da gangan na iya zama laifin yaƙi. A Sudan fa? Hurumin kotun bai wuce Darfur ba, domin Darfur kaɗai Kwamitin Sulhu ya miƙa mata a 2005. Takunkumin makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya shi ma Darfur kaɗai ya shafa. Ma'ana, dokokin da aka ɗinka wa yaƙin shekaru ashirin da suka wuce ake so a sanya wa yaƙin da jiragensa ke tsallaka ƙasar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sudan ta kai ƙarar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa Kotun Duniya ta ICJ, mai shari'a tsakanin ƙasashe, tana zarginta da ba RSF makamai, daular ta musanta, kotun kuma ta kori ƙarar ranar 5 ga Mayun 2025 da cewa ba ta da hurumi. Ko kan zargin ba a hau ba. Jirage marasa matuƙa dai ba a ƙera su a Nyala, birnin Darfur da ke hannun RSF. Wani ne ke sayowa, wani ke biya, wani ke buɗe filin jirginsa a sauke.

Mu kuma a nan, kafin mu yi dariya, mu tuna namu hannun. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, Najeriya ta katse wutar da take ba maƙwabciyarta da sunan takunkumin ECOWAS, Yamai ta shiga duhu. Ba jirgi aka tura ba, makunni aka murɗa, amma wa ya sha? Ba sojojin da ke fadar ba. Mun ɗana, mun ga ba ta sauke kowa daga mulki ba, aka dawo da wutar a 2024 kowa ya yi shiru. Kuma Sudan ba nesa ba ce a wurinmu. Jikokin mutanen Sarkin Musulmi Attahiru na nan a Mai Wurno, a gaɓar Blue Nile, Hausawa na Damazin da Gadarif da Kassala da Khartoum kanta. Ɗalibanmu da aka kwaso a motoci a 2023 sun bar abokan karatu a can. Ruwan kogin da ke kashe mutane bai tambayar ƙabila.

Abin da ya kamata a yi ba boyayye ba ne. A faɗaɗa takunkumin makamai da hurumin Kotun Hukunta Manyan Laifuka su game Sudan baki ɗaya, a kuma kira masu kawo jiragen da sunansu. Tarayyar Afirka, wadda ta dakatar da Sudan tun 2021, ta isa ta kai wannan buƙata gaban Kwamitin Sulhu, tunda Afirka na da kujeru uku a can. Sanarwar "muna kira ga ɓangarorin biyu da su kai zuciya nesa" kam mun ji ta har mun haddace, kuma ba ta taɓa tayar da injin ruwa ko ɗaya a Omdurman ba.