An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Nasiha Ga Masu Rige-rigen Canza Lagireto

Zafin bana bai gama kankama ba, amma abin da ake gani a garejojin Kano a 'yan kwanakin nan ya isa ya ɓata wa mutum rai. Yaro da Corolla lafiyayya, allurar zafi ta ɗan ɗaga masa a cunkoson Kurna, ko gida bai koma ba sai Ƙofar Ruwa, wai a cire masa lagireton kamfani a ɗaura masa dabul sel, wato mai layin bututu biyu, ko wannan na alminiyon mai ƙyalli da yake gani a jikin motocin tsere a TikTok. Ba a duba fanka ba, ba a duba murfi ba, ba wanda ya tambaye shi wane irin ruwa yake ɗura wa motar.

Ƙannena, ku saurara da kyau. Wanda ya ƙera motar nan ya auna lagiretonta daidai da zafin da injinta ke fitarwa, har da rara. Irin waɗannan motocin suna yawo a Arizona ta Amurka, inda zafi kan wuce digiri 45, da lagireton da suka fito da shi. To don Kano ta taɓa 40 a watan Afrilu ba shi ne zai sa lafiyayyar mota ta tafasa ba. In ta tafasa, akwai abin da ya lalace, kuma motar da kanta tana faɗa maka ko mene ne. In zafin yana tashi ne a cunkoso, da ka samu hanya ya sauka, fanka ce: ko fis, ko rile, ko ɗan injin da ke juya fankar ya gaji. In kuma sai ka miƙi titin Zariya da gudu sannan allurar ke hawa, to ko lagireton ya toshe daga ciki, ko famfon ruwan ya cinye, ko ƙurar hunturu da ledoji sun cushe tsakanin kwandensar esi da lagireto, iska ta rasa hanya. Wannan na ƙarshe wanki kawai yake so, da ruwa mara ƙarfi don kar haƙoran lagireton su lanƙwashe. In ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ga kumfa a robar ajiya, ga farin hayaƙi a salansa, ga baƙin mai ya koma launin shayi da madara, gasket ɗin saman inji ne ya ƙone. Ka sayo lagireto mai layi goma ma ba abin da zai yi maka.

Murfin lagireto fa? Abin da ko kallonsa ba ku yi. A jikinsa an rubuta 0.9 ko 1.1, wato matsin da yake riƙewa. Matsin nan ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. Da robarsa ta tsage, ruwa ya fara tafasa da wuri yana tserewa. Kuɗin murfi bai kai na cajin data na wata ba, amma sai a tsallake shi a je a narka dubbai a kan ƙarfe mai ƙyalli, don abokai su buɗe bonet su ce kai, motar nan ta haɗu.

Abin da ya fi ƙona rai, ranar da aka ɗaura dabul sel ɗin, ranar ake cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto, a jefar, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota. Gyaran gangar Auzinawa! Tamostat ɗin nan a yawancin Toyota yana buɗewa ne a wajen digiri 82, aikinsa ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. In babu shi, da asubar hunturu inji ba ya ɗumama, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta ci gaba da ƙara fetur. Ga tsadar mai, ga fulogi na yin baƙi, ga baƙin mai na yin kauri da datti, ga fanka ta mutu kafin lokacinta. Garin neman gira an rasa ido. Irin waɗannan yaran su ne dai masu fasa salansa su hana unguwa barci, su ne masu wasan mota ranar ɗaurin aure a titin da yara ke tsallakawa. Kuɗin uba ne, shi ya sa.

Sannan a zo a cika sabon lagireton da ruwan burtsatse ko fiya wata. Ruwan nan yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa cikin ƙananan bututun, yana kawo tsatsa, yana cin famfo. Kafin a je ko'ina dabul sel ɗin ma ya toshe kamar na farko. Kulant, wato ruwan sanyaya inji na musamman, ake zubawa, irin wanda littafin motar ya ambata. In haɗaɗɗe ne a zuba shi yadda yake, in mai kauri ne a raba shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba. A fitar da iskar da ta maƙale bayan an cika. Kuma don Allah kar wanda ya buɗe murfi inji na da zafi, fuskoki da yawa sun saɓule a haka.

Shi kansa lagireton kasuwar, araha ba ta ado. Wani ya fi na asali kauri, kwandon fanka ya ƙi zama, a ɗaure shi da waya, iska ta riƙa bi ta gefe. Wani bakin tiyonsa bai zo daidai ba, a tanƙwara tiyo har ya shaƙe. Mai motar otomatik kuwa ya sani, a motoci da yawa man giya yana bi ta cikin tankin lagireto ne ya huce. In sabon ba shi da wannan hanya, ko ta fashe ruwa ya gauraya da man, giyar ce za ta tafi. Ban hana mai bas da ke hawan Jos da lodi, ko wanda ya ƙara wa injinsa tabo, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi, ya nemi babba mai inganci ba. Amma kai da ke zirga-zirga tsakanin Hotoro da Kantin Kwari, in tankin robar lagiretonka ya tsage don tsufa, nemi irin nasa sak, na Denso ko makamancinsa, ka huta.

Da can bakanike sai ya dafa tiyon sama, ya dafa na ƙasa, ya saurari fanka, ya leƙa murfi, kafin ya buɗe baki. Yaro kan yi shekaru yana wanke sifana a hannun maigidansa kafin a yaye shi. Yanzu wata shida ya buɗe nasa garejin, kalma biyu ya iya: cire, canza. Mai motar ma ba ya son a ce masa fis ne, gani yake an raina masa mota. Dattijon da zai faɗa masa gaskiya kuwa, cewa za a yi Baba ya tsufa, bai san motocin zamani ba.