Ranar Da Na Shanye Zumar Gwamna

Ni mutum ne mai tsoron allura. Tun ina yaro, in za a yi min sai an tara ƙarti uku sun danne ni, kuma girma bai canza komai ba, sai dai yanzu kunya ke hana ni ihu. To ni ɗin nan Allah Ya jarraba da muzuru mai ciwon suga.

Sunansa Gwamna. Yara ne suka raɗa masa, don ba ya tsinana komai sai kwanciya a kujerar da ta fi laushi, yana kallonmu kamar mun zo neman alfarma. Shekararsa tara, ga ƙiba har wuya ya ɓace. Kwatsam sai ya koma shan ruwa kamar raƙumi, fitsari kuwa ba a magana. Ga ci kamar gara, amma kullum zubewa yake. Abin da ya kai mu wajen likitan dabbobi shi ne tafiyarsa: maimakon ya taka da yatsu kamar kowace kyanwa, sai ya riƙa shimfiɗa ƙafafun baya a ƙasa kamar zomo.

Aka auna jini, aka auna fitsari, likita ya ce suga ne. Na ce, "Likita, har da mage?" Ya ce ai insulin ɗin ma, wato maganin suga da ake yi da allura, da karnuka aka fara gwada shi, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, a 1921. Na dubi Gwamna na ce, ka ji, maganin da zai cece ka abokin gabarka ne ya fara ɗanɗana shi. Ko kallo ban ishe shi ba.

Sai likita ya shiga karanto dokoki kamar mai ba da amanar marayu. Allura sau biyu a rana, tsakaninsu awa 12, kuma sai ya ci abinci tukuna. Kwalba a firji take zama, amma in ta daskare ta tashi aiki. Irin nasa ba a jijjiga shi, sai dai a mirgina a tafin hannu a hankali har ya yi fari kamar madara. Sirinji ma ba kowanne ba. Insulin ɗinsa U-40 ne, wato awo 40 a kowace mililita, yawancin na mutane kuwa U-100 ne. In ka zuƙi nasa da sirinjin mutane har layin 2, abin da zai samu bai kai rabin abin da aka rubuta masa ba.

Daga nan ya ɗaga yatsa ya ce babbar doka ɗaya ce: in ka yi shakkar ko ta shiga ko ba ta shiga ba, kada ka sake. Suga ya kwana a sama ba zai kashe shi ba, amma in ya faɗi ƙasa warwas, yana iya tafiya da shi. In muka ga yana tangaɗi, ko rawar jiki, ko ya yi laushi kamar tsumma, mu shafa masa zuma a dasashi mu garzayo. Shi ya sa aka ajiye kwalbar zuma ta musamman kusa da firji.

Mako na farko uwargida ce ke yi. Ita ko a jikinta, tana yi tana waya. Ni aikina riƙe fitila, duk da cewa wuta tana nan. A rana ta takwas ta ce, "Maigida, yau kai ne. In na yi tafiya fa?" Ta miƙo min sirinji ta shige wanka.

Na mirgina kwalba yadda aka ce. Na zuƙa, na ga ɗan kumfa, na ɗanɗanƙwasa shi da farce, na mayar, na sake zuƙa. Awo 2 ne kacal, ɗigon da bai kai hawayen ƙuda ba, amma hannuna rawa yake kamar zan yi wa zaki tiyata. Gwamna ya gama cin abinci yana lasar baki. Na durƙusa, na tattaro fatar bayan kafaɗarsa da yatsu biyu, ta tashi kamar ɗan tanti. Na yi bisimilla. Sai na aikata abin da likita bai hana ba, don bai taɓa zaton mai hankali zai yi ba: na rufe ido.

Na soka, na danna. Sai na ji tsit a babban yatsana.

Da na buɗe ido, allurar ta shiga ta wannan gefe na fatar ta ɓullo ta wancan, kamar mai ɗinkin takalmi, ta samu yatsana. Gashin Gwamna ya jiƙe, wani wari irin na asibiti yana tashi, ga ɗan jini ya tsattsafo min. Shi kuwa ya yi miƙa ya koma kujerarsa.

Nan take na fara jin alamomin da likita ya lissafa, ɗaya bayan ɗaya, kuma a jeren da ya faɗe su. Jiri ya ɗebe ni. Gwiwoyina suka yi sanyi. Gumi ya karyo. Na ce shi ke nan, suga ya faɗi, mage ta yi ajalina. Da rarrafe na isa kwalbar zuma. An ce a shafa a dasashi, to ni na ga lamarin ya wuce shafawa, sai na kafa kai.

Haka uwargida ta fito ta same ni: zaune dirshan a ƙasa, jingine da firji, zuma har gemu, kwalba ta kusa rabi, Gwamna na leƙo ni daga kujera.

"Innalillahi! Me ya faru?"

Na ɗaga mata yatsa na ce, "Kira likita. In ban tashi ba, ki yafe min."

Ta kira, ta sa a lasifika. Na yi bayani cikin muryar mai wasiyya. Likita ya yi shiru, irin shirun wanda ya toshe baki da hannu. Can ya ce, "Yallaɓai, nauyinka nawa?" Na ce kilo 88. Ya ce awo 2 ne aka auna wa dabba mai kilo 6, kuma tunda gashi ya jiƙe, yawancinsa can ya zube. Ya ƙara da cewa ko da ya shige ni duka, irin wannan insulin ɗin a hankali yake aiki, ba ya kayar da mutum cikin daƙiƙa goma. Na ce to jirin fa? Ya ce wannan tsoro ne. In wanke yatsa da sabulu kawai, batun cin wani abu mai zaƙi kuwa ya ji na riga na wuce gona da iri.

Da na ji ba mutuwa zan yi ba, sai ƙarfin hali ya dawo min. Na ce to bari in sake yi wa Gwamna, tunda tasa ta zube. Su biyu suka haɗa baki, ɗaya a waya ɗaya a kaina: "Kada ka sake!" Ba wanda ya san nawa ya shiga jikinsa kafin allurar ta ɓulle. Aka bar shi har ta dare.

Yanzu wata huɗu ke nan. Na iya, da idona biyu a buɗe, kuma nakan shafa wurin bayan na zare in ji ko ya jiƙe. Mun manna takarda a jikin firji, duk wanda ya yi allura ya sa hannu da lokaci, don kada ni in yi ita ma ta yi. Tafiyar zomon ta ragu, kwanon ruwa yana kaiwa yamma. Likita ya ce wasu kyanwoyin, in aka kama ciwon da wuri aka gyara musu abinci, har sukan daina buƙatar allurar. Ina addu'a Gwamna ya shiga cikinsu, don ya gane cewa allura da abinci tare suke zuwa, ƙarfe 6 da rabi na asuba yana zaune a ƙirjina yana taɓa min hanci, ko ranar hutu ce.

An sayo sabuwar zuma. Uwargida ta liƙa mata takarda da manyan baƙaƙe: TA GWAMNA CE. Ta kuma ɗora ta can saman kabad, inda mai rarrafe ba zai kai ba.