Bedin da aka sare a unguwarmu

Duk wanda ya bi titunan Katsina da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san inda jama'a suke fakewa. Gindin bedi. Can za ka iske mai faci da famfonsa, 'yan kabu-kabu sun jingine babura suna shan iska, dattijo ya shimfiɗa buzu yana jan carbi. Mai hali yana da na'urar sanyaya ɗaki da janareta. Talaka kuwa inuwar nan ita ce tasa, kuma ba ta jiran a kawo wuta.

A unguwarmu akwai wani bedi da na taso na tarar, mutum biyu ba su iya rungume shi. Bara aka sare shi cikin yini ɗaya don a gina shaguna uku. Yanzu matar da ke toya ƙosai a wurin ta kafa buhu a kan sanduna, kafin hantsi ya dubi ludayi ta tattara kayanta. Har yau in na wuce ta wurin sai raina ya ɓaci.

Ba inuwa kaɗai muka rasa ba. Itace yana jawo ruwa daga ƙasa ya fitar ta ganye, wannan tururin ne ke sanyaya iskar da ke kewaye da shi. Kwalta da siminti da kwano su kuma shanye zafin rana suke yi, su amayar da shi cikin dare, shi ya sa ɗaki ke zama kamar tanda har bayan isha'i. Da hunturu ganye na tare ƙura. Da damina saiwa na buɗa ƙasa ruwa ya nutse, maimakon ya kwarara ya cika lambatu.

Na san hujjar masu sarewa: gari na bunƙasa, ana buƙatar hanya, saiwa na fasa katanga. Gaskiya ne, ban ce kada a faɗaɗa titi ba. Amma shago wata biyu ya isa a gina shi, itacen da zai ba mutum ashirin inuwa kuwa sai ya shekara goma ko fiye.

Katsina na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada. Madalla. Sai dai ciwon da ke damunmu cikin gari ba ƙarancin dashe ba ne. Kowace damina ana dasawa, a ɗauki hoto, a watse. Kafin Disamba awaki sun cinye rabi, rani ya ƙarasa saura.

Ni a ganina a daina dasa itacen da ba shi da mai shi. A ba mai shayi nasa, a ba ladan, a ba shugaban makaranta, kowa a ƙofar wurinsa, a kewaye da ƙaya ko tubali. Wanda ya sare don gini, hukumar tsara birni ta ɗora masa dasa biyar da renonsu har shekara uku kafin ta sa masa hannu. Kuma kada a tsaya kan bedi, wanda asalinsa daga Indiya aka kawo shi. Ga tsamiya, ga durumi, ga ceɗiya da maɗaci.

Batun ban ruwa ma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga masallatai nawa ne? Ruwan alwalar da ke malala kan titi sau biyar a rana, ɗan kwalbati kawai za a ja masa zuwa gindin dashe.