Wai Don Mu Sayar Da Littafi Muka Je Yankari

Masu turo mini hoton sitatus ɗin nan tun da asuba, na gode, na gani, ku daina ƙona datarku. Wallahi ban yi niyyar tankawa ba. Amma tunda an ce "wasu sai sun baje miji da 'ya'ya a faifai kafin a sayi littafinsu," kuma duk wanda ke harkar rubutu a garin Bauchi ya san wadda ta je Yankari da iyalinta ranar Asabar, ya kuma san littafin wa zai fito ƙarshen watan nan, to ba zan haɗiye ba. Ban kira suna ba, kamar yadda ba a kira nawa ba. Mai zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Baiwar Allah, tun 1962 aka buɗe wa jama'a Yankari, kafin a haifi uwata balle ni. Hanya tana nan ba a toshe ba: ki bi titin Gombe, ki karya kwana a Dindima, ki shiga ta ƙofar Mainamaji, ki biya kuɗin shiga kamar kowa. Abban yara ne ya yi musu alkawari idan sun yi ƙoƙari a jarrabawa, ya kuma cika. Na tashi da duhu na soya masa na cika kula, na yi miyar taushe, muka kama hanya. Hoton da ya hana ki barci, bayan mijina ne kawai a cikinsa, ya tattare wando yana riƙe da hannun auta a bakin maɓuɓɓugar ruwan Wikki, yaron na ihu wai ruwan da ɗumi, wa ya dafa shi. Bayan nan gwaggon biri ya fizge ledar burodi daga hannun yayarsa, ta yi kuka, muka yi ta lallashi har muka shiga motar zagaya daji. Giwa ma ba mu gani ba ranar, sai kashinta a kan hanya da gwanki daga nesa. Iyakar abin da ya faru ke nan. A cikin wannan ne wata ta hango talla.

To ni ma bari in faɗi abin da na hango. A littafin mai sitatus ɗin akwai wata amarya da aka sa a lalle tun kafin babbar sallar bara, har yau ba a wanke ta ba. Mutane sun tura Naira 500 ɗinsu, wasu 1,000 wai na manyan baƙi, sun turo shaidar biya, an zuba su a guruf ɗin WhatsApp da ake sakin labarin, labari ya yi daɗi har aka kai ranar kamu, sai ɗif. Yau ciwon kai, gobe waya ta faɗa ruwa, jibi an yi rasuwa a dangin kishiyar goggo. Wadda ta yi magana a cire ta daga guruf, kuɗinta kuma ya bi ruwa. Hajiya, ki je ki fitar da amaryarki daga lalle, sannan ki zo mu yi zancen yadda ake sayar da littafi.

Abin da ya fi ci mini rai, ba baƙuwa ba ce. Da wata can ce daga nesa da ban ko ɗaga kai ba. Wannan ta san ƙofar gidana, ta san inda nake ajiye tabarma. Lokacin da take turo mini rubutunta da tsakar dare tana "Anti don Allah ki duba mini," ba aya ba waƙafi, "ɗa" da "da" duk ɗaya ne a wurinta, ni na zauna na gyara layi-layi ban karɓi ko sisi ba. Littafinta na farko a gurufina aka fara karanta shi, ni na ce wa masoyana ku bi ƙanwata, tana da basira. Ranar da aka fitar mini da littafin kuɗi aka watsa a gurufan kyauta, na bi sawu na ga ta hannun wa ya fita, na yi shiru saboda na ci abinci a gidansu, mahaifiyarta kuma mutuniyar kirki ce. Wannan shirun ne yau aka ɗauka tsoro ne.

Kuma ma in talla na yi, sai me? Haram ne? Mai masa a Wunti ba ta rufe tanda ta ce wanda Allah ya nufa zai gano ta. Iyayenmu a wannan harka, tun zamanin da ake buga littattafan soyayya a Kano ana rarraba su kasuwa-kasuwa, da ƙafarsu suke bin shaguna, suna kai wa gidajen rediyo a karanta, 'yanmata suna karɓar haya suna ɓoyewa a ƙarƙashin filo. Yanzu kasuwar ta koma waya: WhatsApp, Wattpad, masu karantawa a YouTube. Ka saki shafukan kyauta, wanda labari ya kama ya biya ya ci gaba. Kowa haka yake yi, har da mai maganar. Bambancin kawai, nawa idan aka biya ana ganin ƙarshensa.

Mutane suna ganin hoto ɗaya na ranar hutu, ba sa ganin sauran kwanakin. Ba sa ganina bayan isha'i, na gama kwashe kwanuka, na duba aikin makarantar yara, na goge kayan gobe idan an bar mana wuta, sannan in jingina da bango in kama rubutu da manyan yatsu biyu har su yi tsami. Wani lokaci caji ya ƙare ana tsakiyar faɗan miji da mata, in koma littafin rubutu na yara mai fallaye 80 in ƙarasa da biro a hasken tocila, gari ya waye in sake kwafewa. Ni ban taɓa buɗe gurufin kuɗi ba sai labari ya kammala a hannuna, daga bismilla har tammat. Ku tambayi duk wadda ta taɓa sayen littafina. Shi kuma mutumin da kike cewa na baje a faifai, shi ke ɗauke auta ya fita da shi waje idan ya ga na nutse a rubutu, shi ke sa mini data ban roƙa ba. In nuna bayansa a hoto sau ɗaya ya zama laifi?

Ki zage ni, ki zagi rubutuna, ki ce jarumaina duk masu kuɗin Abuja ne, na ji, zan ɗauka. Amma 'ya'yana? Yaran da ke rugowa su rungume ki suna "Anti ta zo"? Su kika sa a bakinki don 'yan amshin shatanki su yi dariya a ƙasan sitatus? Kai, wallahi tallahi kin yi kaɗan. Ko da wasa kada ki sake. Ni uwa ce kafin in zama marubuciya, kuma a kan waɗannan yaran ba ni da kunya, ba ni da kawaici, ba na tuna cin abincin gidan kowa.

In kuwa alƙalami ne kike jin kin fi kowa, ga fili ga mai doki. Tun 2016 BBC Hausa ke shirya gasar Hikayata domin mata, ba a tambayar hoton miji, labari kawai ake dubawa. Sai dai fa can ma kammalallen labari suke karɓa, ba a tura musu amarya da lalle a ƙafa a ce su jira a gyara waya.

Masoyana na Bauchi, Gombe, Azare, Misau da sauran wurare, ku yi haƙuri da dogon surutu, raina ne ya ɓaci. Sabon littafi yana nan fitowa ƙarshen wata in sha Allahu, shafukan kyauta za su fara sauka ranar Litinin bayan la'asar. Don Allah kada wadda ta je shafin kowa ta yi zagi da sunana, ban aike ku ba. Ke kuma, duk saƙonninki na "Anti ki rufa mini asiri" suna nan a wayata da kwanan watansu, ban goge ko ɗaya ba. Ki ƙara ambaton yarana sau ɗaya ki gani.